Daga Allon Aji Zuwa Kantin Kwari: Koyar da Ƙa'idojin Injiniyancin Manhaja a Jami'o'in Kano

Tsakure

Duk shekara jami'o'in Kano suna yaye ɗalibai a fannin kimiyyar kwamfuta da injiniyancin manhaja, amma mafi yawan manhajar da ɗaliban ke ginawa a matsayin aikin kammala digiri ba ta wuce ranar da aka kare ta a gaban malamai. Wannan takarda tana ganin tushen matsalar shi ne muna koyar da ƙa'idojin fannin a kan allo, babu wani mai amfani na gaske da zai riƙe ɗalibi da alhaki. Ta ɗauki kasuwannin Fagge da Sabon Gari ta nuna yadda ake cin karo da kowace ƙa'ida a cikin hada-hadarsu ta yau da kullum, sannan ta kawo shawara kan yadda za a yi amfani da kashi 30 cikin 100 da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta bar wa kowace jami'a a sabon tsarin karatu.

1.0 Gabatarwa



Bari in fara share wata ƙura. Kalmar manhaja tana da fuska biyu a bakinmu: malamin makaranta in ya ce manhaja yana nufin jerin abin da za a koyar, yaron da ke Titin Beirut kuwa in ya ce manhaja yana nufin abin da ya loda maka a waya. Tunda wannan takarda a kan duka biyun take magana, zan bar wa kwamfuta da waya kalmar manhaja, na makaranta kuma in kira shi tsarin karatu.

Tambayar da ta haifi takardar wani tsohon ɗalibina ne ya jefo mini ita. Ya gama da sakamako mai kyau, ya koma shagon yayansa a Kantin Kwari yana jiran hidimar ƙasa. Yayan ya ce masa tunda ka karanta kwamfuta, yi mana abin da zai raba mu da wannan littafin bashi. Ya yi wata biyu yana ginawa, aka yi kwana tara ana amfani da shi, aka koma littafi. Da ya zo gaishe ni sai ya ce, "Malam, duk abin da aka koya mana na yi, har zanen ma na zana. Me ya sa bai yi ba?" A ranar na ba shi amsar da ba ta gamsar da ni ba. Abin da ke tafe shi ne amsar da ya kamata in ba shi.

2.0 Maganin ciwon da ɗalibi bai taɓa ji ba

A watan Oktoban 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana a garin Garmisch na Jamus, kuma daga wannan taro ne sunan injiniyancin manhaja ya bazu. Waɗanda suka taru ba su rasa gwanayen rubutun umarni ba, abin da ɗalibanmu ke kira kodin. Damuwarsu ita ce manyan ayyuka suna cinye kuɗi fiye da kasafi, suna wuce wa'adi, in an gama kuma ba sa yin abin da aka nema. Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya fitar da littafi a 1975 inda ya nuna cewa ƙara ma'aikata a kan aikin da ya riga ya makara ƙara masa jinkiri yake yi, domin sababbin sai an koya musu, kuma hanyoyin tuntuɓar juna sai sun ninka. David Parnas a 1972 ya kawo hujjar cewa a raba manhaja sassa-sassa bisa abin da ake tsammanin zai sauya nan gaba, kowane sashe ya ɓoye nasa sirrin. A 2001 mutum 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar da ta ɗaukaka gina manhaja kaɗan-kaɗan tare da mai ita.

Duk wanda ya dubi wannan tarihi zai ga abu ɗaya: kowace ƙa'ida an same ta ne bayan an sha wuya. Mutane da yawa suna aiki a kan abu ɗaya suna taka juna. Mai aikin ya canza ra'ayi a tsakiya. Wanda ya rubuta ya bar aiki, wanda ya gada ya kasa ganewa. To ɗalibinmu fa? Shi kaɗai yake rubutawa, layi ɗari biyu ko uku, malamin da ya ba shi aikin ba zai canza tambaya ba, kuma bayan an ba da maki babu wanda zai sake buɗe fayil ɗin. A irin wannan hali, in ka ce masa ya rubuta takardar buƙatu, ya shirya gwaji, ya ajiye tarihin sauye-sauye, gani yake wahala ce kawai ta malamai. Kuma a gaskiya bai yi ƙarya ba. Magani muke ɗura masa na ciwon da bai taɓa kama shi ba, shi ya sa yake haddace sunan maganin ya zubar da shi a bakin ɗakin jarrabawa.

3.0 Halin da ake ciki

Ba a rasa makarantu ba. Jami'ar Bayero tana da sashe sukutum na injiniyancin manhaja, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil tana koyar da kwamfuta, masu zaman kansu irin su Skyline da MAAUN su ma sun shigo fagen. A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu da ake kira CCMAS, wanda ya ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma tanadi cewa hukumar ce za ta tsara kashi 70 na darussa, kowace jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da muhallinta. A takarda kam an yi ƙoƙari.

A aji ne labarin yake canzawa. Tambayar da ta fi yawa a jarrabawarmu ita ce ɗalibi ya lissafo matakan gina manhaja bi da bi: tattara buƙatu, zane, rubutu, gwaji, miƙawa. Abin dariya, Winston Royce, wanda ake jingina wa wannan jeri saboda takardarsa ta 1970, a cikin takardar ma ya yi gargaɗin cewa bin sa sau ɗaya tak ba tare da komawa baya ba kasada ce. Mu kuwa muka ɗauki hoton muka bar gargaɗin. Daga nan sai aikin ƙarshe: babi biyar, taken da aka gaji jinsa, manhajar kula da ɗakin karatu ko ta asibiti ko ta biyan kuɗin makaranta, wadda ba ɗakin karatu ko asibitin da ya taɓa neman ta. A da wasu sukan saya a shagunan buga takardu. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 ma ba sai an saya ba.

Horon wata shida na SIWES, wanda Asusun ITF ya ƙirƙiro tun farkon shekarun 1970, shi ya kamata ya toshe wannan giɓi. Amma kamfanonin gina manhaja a Kano ba su kai yawan ɗaliban ba, don haka da yawa sukan ƙare a ofis suna buga wasiƙa ko suna jona firinta. Ga kuma yajin aiki: na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma idan aka dawo aka matse zangon karatu, aikin hannu ne ake fara yankewa.

4.0 Ɗakin gwajin da ke bakin ƙofarmu

Fagge tsohon zango ne na fatake a wajen ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi, 'yan kasuwar Siriya da Labanon kuma suka kafa kantuna a inda Kantin Kwari take a yau. Yau a cikin ƙaramar hukuma ɗaya ga Kwari ta tufafi, ga Singa ta kayan masarufi, ga kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ga Wapa ta 'yan canji, ga Titin Beirut na waya da kwamfuta. Bayanai ne ke gudana a nan dare da rana: wa ya karɓi me, nawa ya biya, nawa ya rage, yaushe zai cika. Mafi yawansu a littafi suke, da WhatsApp, da ƙwaƙwalwar maigida. In ana neman wurin da ɗalibi zai ji ciwon da na ambata, ba sai an je Legas ko Bangalo ba.

4.1 Tantance buƙatu

A nan zan daɗe, domin a nan tsohon ɗalibin nawa ya faɗi.

Manhajar shago da ke cikin littattafan da muke koyarwa da su ta ginu a kan wasu zato da ba a faɗa: kowane kaya yana da farashi ɗaya, ana sayar da abin da ke cikin shago ne kawai, mai saye yana biya ya tafi. A Kwari babu ɗaya daga cikin ukun da ya tsaya. Kaya yana shigowa a dila, ya fita a turmi ko a yadi, don haka ma'aunin shigowa daban, na fita daban. Farashi ya danganta da wanda ke saye: na ɗan sari daban, na mai ɗaukar turmi ɗaya daban, na tsohon abokin ciniki da aka gada tun zamanin mahaifi daban. Baƙo zai nemi kalar da babu, yaron shago ya ce a ba shi minti biyu, ya ruga layin baya ya karɓo a wurin maƙwabci, a sayar, da yamma a je a yi lissafi. A wane gurbi manhaja za ta saka kayan da ba naka ba ne amma ka ci riba a kansa? Ga dillali da la'adarsa. Ga abokin ciniki na Maraɗi ko Damagaram ko Njamena da zai zaɓi kaya ta hoto, a kai masa tasha, ya biya rabi da sefa ta hannun ɗan canji, ragowar sai ya sayar. Bashin nan ba a rubuta masa ranar biya, amma kowa ya san lokacin da ya fara nauyi.

Akwai kuma buƙatun da ba a faɗa wa baƙo. Alhaji mai shago ba zai ce maka ba ya son yaransa su ga kuɗin da ya saro kaya ba. Shiru zai yi, in ya ga manhajarka ta baje shi a fuska sai ya daina buɗe ta. Ba zai ce maka karatun boko bai yi nisa ba. Zai ce dai abin yana da wahala. Kuma akwai lissafin da babu littafin Turai da zai tuna maka da shi: zakka. Ɗan kasuwa yana buƙatar ya san darajar hajarsa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran karɓa a ranar da shekara ta zagayo, ya fitar da kashi 2.5, kuma shekarar ta wata ce mai kwana 354 ko 355, alhali agogon kwamfutarsa na 365 yake ƙirgawa. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya koyi tantance buƙatu fiye da wanda ya zana hoto ashirin.

Idan aka tsallaka Sabon Gari sai a ƙara da harshe. Mai shagon kayan gyaran mota yana magana da yaronsa da Ibo, da mai saye da Hausa, da direba da Turancin buroka, kuma kayan kansu sunan da ake kiransu a kasuwa ba shi ne a jikin kwali ba. Wannan ba a koyonsa ta takardar tambayoyi da aka raba aka tattara. Sai an zauna a benci, an sha rana, an ga yadda ake yi. Da ɗan gari akan ci gari.

4.2 Ɓoye abin da zai sauya

Ƙa'idar Parnas takan yi wa ɗalibai kama da falsafa har sai an kai su Wapa. Can farashin dala yakan motsa sau da yawa a yini ɗaya. Bayan da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk mai shigo da kaya sai da ya sake farashi ba sau ɗaya ba. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020. Ɗalibin da ya warwatsa waɗannan lambobi a wurare talatin cikin rubutunsa zai kwana yana farautarsu, kuma sai ya manta ɗaya. Wanda ya killace su a sashe guda layi ɗaya zai taɓa. Darasin ke nan gaba ɗayansa, kuma sau ɗaya ake shan wannan wuya a riƙe ta har abada.

4.3 Gwaji

Ɗalibanmu suna gwada manhaja ne don su nuna tana aiki. Injiniya kuwa yana gwadawa ne don ya kama ta tana ƙarya. Hanya mafi sauƙi ta nuna musu bambancin ita ce a ce su shigar da sunayen 'yan ajinsu. Sa'adu, Mu'azu, Asma'u: wannan ɗan waƙafi na sama ya isa ya rikita rumbun bayanan da ba a rubuta shi da kula ba, kuma ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet ke shiga. Sai Ɗanladi da Ƙasimu da Ɓaidu. Haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin tsarin Unicode tun da daɗewa, amma sau nawa muka ga sun koma alamar tambaya a rasit? In mai shago ya rubuta Danladi yana neman Ɗanladi, manhajar za ta gane mutum ɗaya ne, ko za ta buɗe masa shafin bashi na biyu? Abokin ciniki daga Nijar kuma yana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y.

Sai wuta da sabis. Littafi yana ɗaukar ɗaukewarsu a matsayin hatsarin da kan faru jefi-jefi. A Fagge kuwa samuwarsu ce jefi-jefi. A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A tsakiyar Maris na shekarar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya cak. Kafin nan, a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, jama'a suka afka wa taransifa gaba ɗaya, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin. An cire wa mai saye, mai shago bai ga alat ba, kaya na ƙasa, rai na ɓaci. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint a wannan lokaci suka mamaye kasuwa, ba don sun fi kowa talla ba, sai don nasu yana tafiya. Tambayoyin jarrabawa na gaske ga su nan: in wuta ta ɗauke bayan an rage kaya a rumbu amma kafin a rubuta kuɗin, me manhajarka za ta tarar in an kunna? In yaro ya danna biya sau biyu saboda sabis ya yi nauyi, sau nawa za a cire?

Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba haja kaɗai ta ci ba, ta haɗa da littattafan bashi. Manhajar da ke ajiye komai a kwamfuta ɗaya a cikin shagon ba ta fi littafin da komai ba a irin wannan dare. Kuma kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ni ban ɗauke shi kwafi ba.

4.4 Aikin taro da miƙa aiki

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, kyauta ne, amma har yanzu ɗalibai na musayar aiki ta filashi da WhatsApp, fayil ɗaya mai suna na ƙarshe, wani na ƙarshen ƙarshe. A aikin rukuni kuma kowa ya san yadda ake yi: mutum ɗaya ya rubuta, huɗu su haɗa kuɗin buga takarda. Tarihin sauye-sauye na Git yana nuna wa malami wanda ya taɓa me da yaushe, don haka ya kamata ya zama shi ne takardar halarta.

Wanda ke ganin miƙa gyara ƙaramin abu ne ya tuna jarrabawar JAMB ta 2025. A watan Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, ya ce ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas sai sun sake zama, domin gyaran da aka yi wa manhajar bai isa wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke hidimar ba. An yi gyaran daidai. Isar da shi ko'ina da tabbatar da ya isa ne aka yi sakaci. Wannan mataki ba ya cikin abin da muke ba wa maki.

4.5 Amana

A Birtaniya, daga 1999 zuwa 2015, an hukunta masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata da maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗi a asusunsu. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu sun biya abin da ba su ci ba. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakuran da ke iya haifar da giɓin, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar wanke su.

Ina kawo wannan labari a aji ne saboda yaron shago. A ce manhajar ɗalibinmu ta nuna turmi goma sha biyu sun ɓace. Wa Alhaji zai kalla? Ba zai kalli kwamfuta ba, ita ai ba ta ƙarya. Yaron da ya shekara bakwai yana jiran a sallame shi da jari zai koma ƙauye da sunan ɓarawo, saboda wani ya yi kuskuren alamar lissafi a layi na 340. A ɓangaren magunguna, waɗanda aka tashi dillalansu daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiya a Ɗangwauro a 2024, kuskuren ranar lalacewar magani ya wuce asarar kuɗi. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023: lambobin waya da bashin abokan ciniki amana ce da doka ta san da ita, ba abin da ɗalibi zai kwafa a filashi ya yi ta yawo da shi ba.

5.0 Shawara da abin da za a ce a kanta

Abin da nake nema a zuba a cikin kashi 30 ɗin nan ba sabon darasi ba ne mai sabon suna. Zare ɗaya nake so a ja daga aji biyu zuwa aji huɗu. A aji biyu rukunin mutum huɗu ko biyar su yi zango guda suna zuwa shago ɗaya, ba za su rubuta layin umarni ko ɗaya ba. Su dawo da bayanin yadda ake ciniki, da Hausa da Turanci, wanda mai shagon zai ji an karanta masa ya ce haka ne. A aji uku su gina ƙaramin abu, su miƙa, a yi amfani da shi. A aji huɗu kuma, kuma wannan ne ya fi muhimmanci a wurina, su gaji manhajar da wani rukuni ya bari, su gyara ta, su ƙara mata abin da mai shagon ya nema daga baya. Wanda ya sha wahalar karanta rubutun wani ba ya buƙatar a yi masa wa'azin rubuta bayani. Maki kuwa a raba shi: wani kaso a tarihin Git, wani a gwaje-gwajen da suka rubuta, wani a amsar tambaya ɗaya da za a yi wa mai shago bayan wata uku, wato har yanzu kana buɗe ta?

Wannan tsari yana rage mana ciwon kan ƙirƙirarriyar basira ma. Tana iya rubuta wa ɗalibi manhajar shago cikin minti biyar, kuma ban ga laifin ya yi amfani da ita ba. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta zauna a bencin Alhaji ta lura cewa ya yi shiru lokacin da kuɗin sari ya bayyana.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin sun riga sun faɗa mini a ɗakin shan shayi. Aji ya yi yawa. Gaskiya ne, don haka a fara da rukuni biyar ko shida, kada a ce sai kowa. Kuɗin mota daga Jami'ar Bayero, balle daga Wudil, ba wasa ba ne tun da aka cire tallafin mai a 2023; amma ɗalibai nawa ne gidajensu ke Fagge da Kurna da Birget, nawa ne ma iyayensu ko yayyensu ke da shago a kasuwannin nan? Ɗan kasuwa ba zai buɗe wa baƙo littafinsa ba; haka ne, shi ya sa ba ɗalibi za a tura da wasiƙa ba, shugaban sashe ne zai taka da ƙafarsa wurin shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, a rubuta yarjejeniya kan sirri da kan wanda ya mallaki manhajar, kada ɗalibai su zama leburorin banza, kada kuma ɗan kasuwa ya zama abin gwaji. Ɗalibai mata da ba za su sake a cunkoson Kwari ba suna da abokan hulɗa da suka fi kowa buƙata: matan da ke saro atamfa da leshi suna sayarwa daga gida ta waya, lissafinsu duk a cikin saƙonni.

Uzurin da ba ni da amsarsa a hannuna shi ne na ƙarin girma. Malamin da ya kwashe zango yana bin ɗalibai kasuwa bai ƙara ko maki ɗaya a takardar neman matsayi ba, wanda ya zauna ofis ya fitar da maƙala biyu ya wuce shi. Muddin haka abin yake, 'yan kaɗan ne za su yi, su ma na ɗan lokaci. Wannan ba a hannun malamin aji yake ba, yana hannun majalisun jami'o'i.

Don haka roƙona ga shugabannin sassa da shugabannin tsangayoyi da ke zaune a wannan ɗaki guda biyu ne. Ku kai maganar lissafa irin wannan aiki cikin ma'aunin ƙarin girma gaban majalisunku. Kafin ta fito kuma, a zangon karatu mai zuwa, kowane sashe ya ba mu rukuni ɗaya da shago ɗaya, mu dawo wannan taro baɗi da mai shagon a tare da mu, shi ya faɗa muku da bakinsa ko ya ajiye littafin.